Harsuna 130 a cikin manhajar da ke magana da uku

Idan manhajarka ta yanar gizo da webpack aka haɗa ta, wato kayan aikin da ke tattara fayilolin kod ya mayar da su ƙunshi ɗaya, kuma akwai Moment.js a ciki, laburaren JavaScript mai sarrafa kwanan wata da lokaci, to akwai yiwuwar duk wanda ya buɗe shafinka yana sauke sunayen watanni da ranakun mako na harsuna sama da 130. Akwai na mutanen Tibet, akwai na Wales, har da Klingon, harshen da aka ƙirƙira domin fim. Hausa kuwa babu ita a jerin. Mai ƙaramar wayar itel a Funtuwa ko Maraɗi, wanda ya sayi data ta kwana ɗaya, da kuɗinsa ake ɗauko wannan lodin, kuma babu ranar da zai amfana da shi. Wannan ne ya sa batun yake damuna fiye da yadda girmansa a takarda yake nunawa.

Ga lissafin. Moment na jerin 2.29, shi kaɗai ba tare da harsuna ba, bai wuce kilobait 60 ba bayan an tsuke kod ɗin, kuma idan sabar ta matse shi da gzip yana sauka ƙasa da 20. Da duk fayilolin harshe kuwa yana kai wa kusan 290, a matse kuma 70 da 'yan kai. Wani zai ce ai hoto ɗaya ya fi haka. Gaskiya ne, amma hoto ba ya tare hanya. Waɗannan fayiloli suna zaune ne a cikin babban ƙunshin JavaScript, wanda sai an gama sauke shi, an warware matsin, injin burauza ya karanta shi, kafin maɓalli ko ɗaya ya fara amsa taɓawa. A waya mai ƙwaƙwalwa gigabait ɗaya ko biyu, a kan layin 3G da ke zuwa yana ɗaukewa, ana jin bambancin a jiki.

Gani ya kori ji

Kada ka taɓa saitin komai sai ka ga abin da ke cikin ƙunshin da idonka. A webpack, fitar da bayanin ginin sannan ka buɗe shi:

```
npx webpack --mode production --json=stats.json
npx webpack-bundle-analyzer stats.json dist
```

Zai zana maka taswirar akwatuna, girman kowane akwati daidai da girman fayil ɗin. Nemi `moment/locale`. Idan matsalar tana nan, za ka ga wani fage mai faɗi cike da ƙananan akwatuna kamar gidan zuma: `ru.js`, `hi.js`, `ka.js` da sauransu. Kayan aikin yana nuna awo iri uku. `stat` girman fayil ne kafin a tsuke shi, ba shi ne abin dubawa ba. `parsed` shi ne abin da burauza za ta karanta, `gzip` kuma abin da zai bi ta layi. Masu Vite, wani kayan haɗa ƙunshi irin webpack, su yi amfani da `rollup-plugin-visualizer`.

Kana iya cewa kai ba ka taɓa saka Moment ba. Buga `npm ls moment` ka gani. Chart.js na 2 yana jawo shi, Ant Design na 4 ma haka, sai a na 5 da ya fito a ƙarshen 2022 suka koma Day.js. Tsofaffin akwatunan zaɓen kwanan wata da yawa a kansa aka gina su.

Me ya sa webpack yake kwaso duka

A cikin Moment akwai wani aiki mai suna `loadLocale`, kuma zuciyarsa ita ce kiran `require` da `'./locale/' + name`. A Node, wanda ke gudanar da JavaScript a kwamfuta ko sabar ba a cikin burauza ba, wannan ba laifi ba ne, domin sai lokacin da aka buƙaci harshen ake zuwa faifai a ɗauko fayil ɗinsa. Burauza ba ta da faifan da za ta je. Webpack a lokacin haɗawa yana ganin farkon adireshin, `./locale/`, amma bai san abin da `name` zai zama ba sai manhaja tana gudana. Don gudun kada a nemi fayil a rasa, sai ya kwashi duk abin da ke cikin foldar ya zuba a ƙunshi.

Wannan shi ne tushen matsalar a ko'ina, ba a Moment kaɗai ba: duk inda sunan fayil ya zama abu mai canzawa, mai haɗawa zai ɗauki duk abin da sunan zai iya zama. Dabarar kakkaɓe kod ɗin da ba a amfani da shi ba ta aiki a nan, saboda tana dogara ne da `import` mai tsayayyen suna.

Hanya biyu a webpack

Ta farko ita ce a ce wa webpack ya manta da foldar gaba ɗaya:

```js
new webpack.IgnorePlugin({
  resourceRegExp: /^\.\/locale$/,
  contextRegExp: /moment$/,
})
```

Wannan shi ne rubutun webpack 5, wanda ya fito a Oktoban 2020. Tsofaffin amsoshi a intanet suna nuna a ba shi regex, wato tsarin haruffa na tace sunaye, guda biyu a jere ba tare da sunaye ba. Wannan na webpack 4 ne, kuma a na 5 ginin zai tsaya da ƙorafin cewa saitin bai dace da tsari ba. Bayan ka saka wannan, Turancin Amurka kaɗai ya rage, domin shi a cikin jikin Moment yake. Duk wani harshe sai ka kira shi da suna, misali `import 'moment/locale/fr'`. Create React App yana zuwa da wannan saitin tun daga gida.

Ta biyu ita ce a bar foldar amma a tace ta:

```js
new webpack.ContextReplacementPlugin(
  /moment[/\\]locale$/,
  /^\.\/(en-gb|fr|ar)(\.js)?$/
)
```

A kula da regex na biyu, don a nan ake yawan zamewa. Misalan da ake kwafa suna rubuta shi a sake, kamar `/de|fr|ar/`. Irin wannan yana kama duk sunan da haruffan suka bayyana a cikinsa. `fr` zai kawo `fr-ca` da `fr-ch`. `ar` zai kawo `ar-dz`, `ar-kw`, `ar-ly`, `ar-ma`, `ar-sa` da `ar-tn`. `de` kuma, ban da na Ostiriya da Suwizalan, zai kawo `gom-deva`, wato harshen Konkani na Indiya, don kawai akwai "de" a cikin "deva". Ɗaure farkon da `^\.\/`, ɗaure ƙarshen da `$`, shi ke nan.

Wanda ba ya son kokawa da regex yana da `moment-locales-webpack-plugin`, inda ake ba da jeri a `localesToKeep`. Abin da ya fi burge ni da shi shi ne, idan ka rubuta sunan harshen da Moment ba shi da shi, ginin yana tsayawa nan take ya gaya maka.

Ni dai na fi karkata ga `IgnorePlugin` tare da kiran kowane harshe da suna, domin duk wanda ya buɗe kod ɗin zai ga jerin a gabansa, ba sai ya tona saitin webpack ba.

Abin da ke lalacewa ba tare da ƙara ba

Nan ne ya kamata a fi natsuwa, domin cire fayilolin aikin minti biyar ne, amma ɓarnar da ke biyo baya ba ta kururuwa.

Idan ka kira `moment.locale('fr')` alhali fayil ɗin Faransanci ba ya cikin ƙunshi, babu kuskuren da zai fito. Moment zai ci gaba da harshen da yake kai. Hanyar ganewa ita ce duba abin da kiran ya dawo da shi, domin yana dawo da sunan harshen da ke aiki a lokacin. Idan ka nemi `fr` ya ba ka `en`, to fayil ɗin bai shigo ba.

Mafi haɗari a wurinmu shi ne `en-gb`. Mutum yana ganin manhajarsa Turanci ce kawai, sai ya share komai. Amma Turancin da ke jikin Moment na Amurka ne, inda `format('L')` ke fara rubuta wata kafin rana. A Najeriya da Gana rana ake farawa da ita. Ranar 3 ga Afirilu da ta saba fitowa 03/04 za ta koma 04/03, kuma mai karanta rasit ko ranar ganin likita zai ɗauka 4 ga Maris ce. Babu wanda zai lura sai ranar ta haura 12 ga wata, lokacin da 04/13 zai bayyana. Moment ba shi da Turancin Najeriya, don haka `en-gb` ne ake riƙewa.

Sai kuma wata ɗabi'a da ta samo asali tun tsofaffin sigogi: shigo da fayil ɗin harshe yana kunna shi. Idan ka jera `en-gb`, `fr`, `ar`, to manhajar za ta tashi da Larabci, domin shi ne na ƙarshe. A da, lokacin da webpack ke riƙe da duka a ajiye, ba a kunna kowanne sai an nema, shi ya sa matsalar ke bayyana bayan gyara. Maganinta layi ɗaya ne a ƙasan jerin: `moment.locale('en-gb')`, ko duk wanda mai amfani ya zaɓa.

Larabcin ma yana da nasa. Fayil ɗin `ar` yana juya lambobi zuwa ١٢٣ a duk abin da `format` ya fitar. Idan akwai inda kake tura `format('YYYY-MM-DD')` zuwa sabar, mai amfani a Sudan ko Chadi da ya zaɓi Larabci zai tura kwanan wata da sabar ba za ta gane ba. Abin da za a tura wa sabar a fitar da shi da `toISOString()`, ko a yi `clone().locale('en')` kafin `format`.

Vite daban yake

A Vite, Moment ba ya kwaso harsuna da kansa, don haka babu abin cirewa. Matsalar can ta juye ne. Vite yana ɗauko `moment/dist/moment.js`, amma `moment/locale/fr` yana neman ɗaya fayil ɗin, `moment/moment.js`. Sai ka tashi da Moment biyu a ƙunshi, Faransancin ya yi rajista a wanda ba ka amfani da shi. Ƙunshi ya ƙara nauyi, harshe kuma bai canza ba. Daidai shi ne `import 'moment/dist/locale/fr'`.

Tun Satumban 2020 masu kula da Moment suka sanar cewa ba za su ƙara masa sabbin abubuwa ba, suka kuma ba da shawarar kada a fara sabon aiki da shi. Amma canza laburare ba ya warkar da ɗabi'ar. A date-fns, wani laburaren kwanan wata, `import * as locales from 'date-fns/locale'` tare da `locales[code]` yana kwaso duka, saboda dalilin nan dai na suna mai canzawa. A FullCalendar akwai `locales-all` da ke yin abin da sunansa ya faɗa, alhali `@fullcalendar/core/locales/fr` yana nan. Idan kuma kana da `moment-timezone`, duba shi ma, domin bayanan yankunan lokaci na duniya tun ƙarni na 19 sun fi fayilolin harshe nauyi nesa ba kusa ba. `moment-timezone-data-webpack-plugin` yana ba ka damar zaɓen yankuna da shekaru, misali `Africa/Lagos`, `Africa/Niamey` da `Africa/Accra` daga 2015 zuwa 2035.

Ɗauko harshe sai an nema

Idan manhaja tana da harsuna huɗu, babu dalilin da zai sa mai karanta Hausa ya sauke sauran ukun. Ana raba su gutsure-gutsure da `import()`. Abin da hannu ke saurin rubutawa shi ne a saka sunan harshen a cikin adireshin a matsayin abu mai canzawa. Babban ƙunshi zai ragu, amma webpack zai ƙirƙiri gutsure ɗaya ga kowane fayil da ke foldar, sai ka ga `dist`, foldar da ginin ke fita a ciki, ta cika da ƙananan fayiloli sama da ɗari. Vite kuma ba ya yarda da irin wannan adireshi idan sunan laburare ne a farkonsa. Rubuta jerin da hannu ya fi. Ga misali da Day.js, laburaren kwanan wata mai kama da Moment:

```js
const harsuna = {
  'en-gb': () => import('dayjs/locale/en-gb'),
  fr: () => import('dayjs/locale/fr'),
  ar: () => import('dayjs/locale/ar'),
};

async function saitaHarshe(suna) {
  const zabi = harsuna[suna] ? suna : 'en-gb';
  await harsuna[zabi]();
  dayjs.locale(zabi);
}
```

Gutsure uku kacal, kuma yana aiki a webpack da Vite. Jira `saitaHarshe` ya gama kafin ka zana shafin farko, in ba haka ba kwanan wata zai fito da Turanci ya tsaya a haka har sai wani abu ya sa an sake zanawa.

Angular, tsarin gina manhajar yanar gizo, yana da bayanan harsuna ɗaruruwa a `@angular/common/locales`, waɗanda aka ciro daga CLDR, rumbun bayanan harsuna na ƙungiyar Unicode, kuma a nan akwai Hausa: `ha`, `ha-NE` da `ha-GH`. Shigo da wanda kake so ka miƙa wa `registerLocaleData`. Idan dole sai adireshi mai canzawa a ginin webpack, saka sharhin `webpackInclude` a cikin `import()` don tace sunayen, sannan `webpackExclude` don kauce wa ƙananan foldoji `extra` da `global`, waɗanda ke ɗauke da fayiloli masu suna iri ɗaya.

Akwai wani rami da ke cinye duk wannan wahala. Idan manhajarka tana aiki ba tare da intanet ba ta hanyar Workbox, laburaren da ke ajiye fayiloli a cikin burauza, to a saitinsa na asali yana jera duk fayilolin JavaScript da ginin ya fitar, ya sauke su a bayan fage tun ziyarar farko. Taswirar ƙunshi za ta nuna maka komai ya yi kyau, shafi zai buɗe da sauri, amma datar mai waya tana zuba a ɓoye wajen sauke gutsattsarin da ka ce sai an nema. Ba wa gutsattsarin suna mai alama, misali su fara da `harshe-` ta hanyar `webpackChunkName`, sannan ka cire su da `exclude` a `GenerateSW`, ko `globIgnores` a `vite-plugin-pwa`. Idan ka rubuta `exclude` naka, yana maye gurbin na asali ne, don haka mayar da `/\.map$/` cikin jerin. Bar harshen asali a jerin saukewa, sauran kuma a ajiye su da `runtimeCaching` a ranar da aka fara neman su.

Fassarar manhajarka ita ma haka. Duk abin da ke foldar `public` ana kwafe shi zuwa `dist` yadda yake, har da rabin fassarar da aka fara aka watsar. A i18next, laburaren fassarar manhaja, idan burauza ta ce `ha-NG`, zai nemi `ha-NG`, ya nemi `ha`, sannan ya nemi `dev`, wanda shi ne madogararsa ta asali. Biyu daga ciki 404 za su dawo, wato babu fayil ɗin, kuma kowace tafiya ce zuwa sabar a kan layi mai jinkiri. Saita `supportedLngs`, `fallbackLng` da `load: 'languageOnly'`.

To Hausar fa

Hanya mafi sauƙin nauyi ita ce `Intl` da ke cikin burauza, domin ba ka ɗora ko bait ɗaya na bayanan harshe. Luxon, wani laburaren kwanan wata, a kansa ya dogara, shi ya sa ba shi da foldar harsuna. Sai dai burauzoji ba su ɗauke da bayanan CLDR daidai wa daida. Chrome yana rage nasa, musamman a Android, alhali Node tun siga ta 13 yana zuwa da cikakke. Gwajin da ya wuce a Node bai tabbatar da abin da waya za ta nuna ba. Tambayi burauzar kai tsaye: `Intl.DateTimeFormat.supportedLocalesOf(['ha'])`. Idan jerin ya dawo babu komai, za ta yi amfani da harshenta na asali ba tare da gargaɗi ba.

A Moment kuwa rubuta Hausar da kanka ya fi duk wani zagaye:

```js
import 'moment/locale/en-gb';

moment.defineLocale('ha', {
  parentLocale: 'en-gb',
  months: 'Janairu_Fabrairu_Maris_Afirilu_Mayu_Yuni_Yuli_Agusta_Satumba_Oktoba_Nuwamba_Disamba'.split('_'),
  monthsShort: 'Jan_Fab_Mar_Afi_May_Yun_Yul_Agu_Sat_Okt_Nuw_Dis'.split('_'),
  weekdays: "Lahadi_Litinin_Talata_Laraba_Alhamis_Juma'a_Asabar".split('_'),
  weekdaysShort: 'Lah_Lit_Tal_Lar_Alh_Jum_Asa'.split('_'),
  ordinal: (n) => String(n),
});
```

Dole `en-gb` ya riga shi shigowa. Idan uwar, wato harshen da ke `parentLocale`, ba ta nan, Moment yana ajiye `ha` a gefe yana jira, ba ya faɗa. Duk abin da ba ka rubuta ba ana gadonsa daga uwar, shi ya sa aka saka `ordinal`, don kada "1st" ya leƙo a tsakiyar Hausa. Wurin da ke buƙatar kunnen Bahaushe shi ne `relativeTime`. Jimla ɗaya ba ta isa ga lokacin da ya wuce, domin "minti ɗaya da ya wuce" ne, "awa ɗaya da ta wuce", amma "kwana uku da suka wuce". Moment yana karɓar aiki a madadin rubutu a `past`, sai ka duba abin da aka miƙo ka zaɓi "ya", "ta" ko "suka". Duk fayil ɗin bai kai kilobait biyu ba.

Kada su dawo

Sukan dawo, yawanci ranar da aka ƙara sabon laburare ko aka sauya kayan haɗawa, misali lokacin da aikin Angular ya bar webpack ya koma esbuild, wanda ya zama na asali ga sabbin ayyuka a siga ta 17, kuma fulogin ɗin webpack ba sa aiki a can. Gwaji mai arha shi ne neman kalmar harshen da ka san ba ka tallafa wa. "gennaio" Janairu ne da Italiyanci, haruffansa na boko ne zalla, don haka tsukewa ba ta canza shi:

```
! grep -rl --include=*.js gennaio dist/
```

Saka wannan layin a matakan gwaji bayan gini. Idan ya sami kalmar zai buga sunan fayil ɗin da ta ɓuya a ciki, ya kuma tsayar da aikin. Haɗa shi da gwaji na biyu da ke zagaya harsunan da kake tallafa wa, yana tabbatar `moment.locale(suna)` ya dawo da sunan da aka ba shi, kuma a gudanar da shi a burauza a kan ginin da za a saki, domin a Node duk fayilolin suna nan a faifai kuma gwajin zai wuce ko da ƙunshin babu su.